Sunayen da Suka Tafi Tare da Fanko

Saura wata guda ta miƙa kundin digirinta na biyu, wata ɗaliba mai nazarin adabin baka a Damagaram ta zauna gyaran faifan ajiyarta. Malamin da ke duba aikin ya gaya mata cewa masu jarrabawa za su nemi faifan tare da kundin, kuma ba ya son su buɗe shi su tarar da shi kamar ɗakin da aka tashi aka bar tarkace. Shekara biyu ta yi tana bin ƙauyukan Mirya da Matamaye da Magarya, tana ɗaukar tatsuniyoyi daga bakin tsofaffin mata, kuma duk abin da ta samo yana cikin wannan ɗan faifai da bai kai tafin hannu ba.

Tsarin ajiyarta mai sauƙi ne. Kowane gari yana da foldarsa, wato abin da a Nijar aka fi sani da dosiye. A cikin foldar gari akwai ta ƙauye, a cikin ta ƙauye akwai ta mai ba da tatsuniya, ɗauke da sunanta da laƙabinta, wani lokaci har da kwatance, kamar a ce wadda gidanta ke bayan masallacin Juma'a, ko wadda ke sayar da daddawa ranar kasuwa. A cikin foldar kowace tsohuwa kuma akwai ƙananan foldodi uku: sauti, rubutu da hoto. Al'adarta ita ce, da zarar an ambata mata wata da ta iya tatsuniya, sai ta buɗe kwamfuta a daren nan ta yi mata folda da ƙananan nan uku, tun kafin ta san ranar da za ta je wurinta. Da fari tana rubuta sunayen a littafi ma, daga baya ta ga aiki biyu ne, ta bar littafin.

Yawancin tsofaffin ba su yarda a ɗauki hotonsu ba, saboda haka foldodin hoto suka taru babu komai a cikinsu. Ga kuma waɗanda ta yi bisa kuskure, da waɗanda ta kwashe abin da ke ciki ta mayar wani wuri ta mance da su. Ta fara bin su da linzami ɗaya bayan ɗaya, tana buɗewa, tana dubawa, tana jefawa kwandon shara, har la'asar ta yi ba ta gama da Mirya ba. A haka yayanta ya shigo ya same ta. Gyaran kwamfuta yake yi a bakin kasuwa, kuma shi ne ya ɗora mata Ubuntu a na'urarta tun farkon karatun.

"Ke kuwa ƙanwata, wannan ai jidon ruwa ne da cokali," in ji shi. "Matsa in nuna maki."

Ya buɗe baƙar tagar nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni da haruffa. Wannan hanya ta girmi linzami da hotunan da ake dannawa. Irin wadda ke na'urarta, asalinta tsarin Unix ne, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a ɗakunan binciken Bell a Amurka a 1969, kuma Linux, wanda Linus Torvalds ya fitar a 1991 kuma aka gina Ubuntu a kansa, ya gaji mafi yawan umarninsa da sunayensu. Umarnin da yayan ya fara nuna mata yana cikin Unix tun fitowarsa ta farko a 1971:

rmdir hoto

Aikinsa guda ne. Idan foldar da aka ambata babu komai a cikinta, sai ya cire ta. Idan akwai ko da fayil ɗaya, sai ya ƙi, ya rubuto cewa foldar ba fanko ba ce. Don ta gani da idonta, ya gwada shi a kan foldar sautin wata tsohuwa ta Mirya, na'ura ta ƙi, sautin ya zauna daram. Sa'an nan ya rubuta mata wani umarnin a takarda, rm -r, ya ja masa layi biyu. Wannan, in ji shi, ba ya tambaya: yana shiga folda ya shafe abin da ke ciki, ya shafe ita kanta, kuma abin da aka shafe daga tagar umarni ba ya zuwa kwandon shara inda za a je a ɗauko. Magana zarar bunu ce a wannan taga.

Sai dai rmdir suna ɗaya ɗaya yake so, ko jerin sunayen da mutum ya riga ya sani, kuma sunayenta cike suke da tazara, wadda na'ura ke ɗauka a matsayin iyaka tsakanin suna da suna in ba a killace shi da alamar zance ba. Abin da take bukata shi ne mai shiga lungu da saƙo ya nemo da kansa. Ya rubuta:

find . -type d -empty -print

Ya bi mata shi kalma kalma. Ɗigon yana nufin a fara daga inda ake tsaye. Kashi na biyu yana nufin foldodi kawai ake nema, ban da fayiloli. Na uku yana nufin waɗanda babu komai a cikinsu. Na ƙarshe yana nufin a jero su a allo, kada a taɓa su. In ta duba jerin ta gamsu, sai ta maye gurbin kalmar ƙarshe da -delete. Ya gargaɗe ta a kan abu ɗaya: kada ta kuskura ta kawo -delete gaba, domin find daga hagu zuwa dama yake bin sharuɗɗansa, in ya tarar da umarnin shafewa kafin sharaɗin fanko, zai shafe duk abin da ke ƙarƙashin wurin da ya fara. Ana cikin haka aka kira sallar magariba, ya tashi ya tafi.

Bayan isha ta koma kan aikin. Ta tsaya a saman faifan ta rubuta umarnin farko, layuka suka zubo da yawa har allo bai ɗauke su ba. Ta bi ƙarshen layukan da ido: hoto, hoto, hoto, can sai rubutu, can sai sauti. Ta ce a ranta ai su ne. Ta sauya kalmar ƙarshe, ta danna. Na'ura ba ta ce komai ba, domin haka al'adar Unix take, umarnin da ya yi nasara shiru yake yi. Ta buɗe foldodin wasu tsofaffi uku ta tabbatar sautinsu yana nan, ta rufe tagar, ta kwanta da farin ciki.

Kwana uku bayan haka malaminta ya ce ta ƙara rataye a ƙarshen kundi, mai ɗauke da sunayen matan da aka ambata mata amma ba ta kai gare su ba, domin wanda zai zo bayanta ya san inda zai ɗora. Ta ce, "Allah gafarta Malam, ai duk suna cikin faifai, gobe zan kawo." Da ta koma gida ta buɗe foldar Magarya, sai ta ga ƙauye guda babu shi ɗungurungum. Ta duba Matamaye, ta ga giɓi. Ta ƙirga a ranta matan da ba ta je wurinsu ba, su 23 ne, kuma foldodin 6 kawai suka rage.

Abin da ya faru yana cikin yadda find ke aiki, kuma rubuce yake a littafin bayaninsa. Idan aka ce masa ya jero, yana duban kowace folda yadda take a lokacin. Foldar tsohuwar da ba a ziyarta ba tana ɗauke da ƙanana uku, don haka a idonsa akwai abu a cikinta, ba zai jero ta ba. Ƙananan ukun kawai zai nuna. Idan kuwa aka ce ya shafe, sai ya juya tsarin tafiyarsa, ya fara da na can ciki kafin ya dawo kan uwarsu, tun da ba a cire uwa alhali ƴaƴa na cikinta. Ya cire sauti, ya cire rubutu, ya cire hoto, ya waiwayo kan foldar tsohuwar ya tarar yanzu ta zama fanko, ya cire ta. In duk matan ƙauye haka suke, foldar ƙauyen ma ta bi su. Jerin da ɗalibar ta gani gaskiya ne, amma bai kai adadin abin da ya tafi ba.

Da yayan ya zo ya ji, ya yi shiru na ɗan lokaci. "Laifina ne," in ji shi. "Na gaya maki jerin zai nuna abin da zai tafi. Rabin magana na faɗa." Ita kuma ta san nata rabon laifin, domin sunayen matan suna cikin layukan da suka zubo, a tsakiyar kowane layi, ita ce ta tsaya kallon ƙarshensu kawai. Layin da ya ƙare da kalmar sauti ya isa ya tsayar da ita, tun da foldar sauti ba ta zama fanko sai in ba a yi ɗaukar ba.

Suka shiga neman abin da za a iya ceto. Kwandon shara babu komai sai ƴan foldodin Mirya da ta jefa da linzami. Jerin da ya fito a allo ya tafi tun daren da ta rufe tagar, domin na'ura tana ajiye tarihin umarnin da aka rubuta, ba ta ajiye amsar da ta bayar. Sai ta tuna cewa ya taɓa haɗa mata Git don adana rubuce-rubucenta, wato manhajar nan da Torvalds ya ƙirƙira a 2005, wadda ke riƙe kowane sauyi da aka yi wa aiki. Ya girgiza kai. Git fayiloli yake bi, folda ba ta shiga ajiyarsa sai in akwai fayil a cikinta. Shi ya sa masu rubuta manhaja suke jefa ɗan fayil marar komai, wanda suka saba kira .gitkeep, a cikin foldar da suke son ta zauna. Kwafin sautin da ta yi a wani faifan kuwa, na matan da ta ɗauka ne kawai.

Tarihin umarni ya ba su wani abu. Watanni can baya, lokacin da yake nuna mata yadda ake yin folda da mkdir, ya yi amfani da sunayen da ta karanto masa, kuma layukan suna nan. Daga nan suka samu 4. Tsohon littafinta da abin da ta iya tunawa suka ba da 7.

Saura tambayar 6 ɗin da suka tsira, alhali su ma ba a ɗauki komai daga masu su ba. Ƙananan foldodinsu sun tafi, su kuwa suna nan, kuma in an buɗe su da linzami ba a ganin komai. Yayan ya rubuta ls -a a cikin ɗaya, sai ga fayil mai suna .DS_Store. A Unix, duk sunan da ya fara da ɗigo ɓoyayye ne, ba a nuna shi sai an nema. Wannan fayil kuwa kwamfutocin Apple ne ke barin sa a foldodin da aka buɗe da su, don tuna yadda aka jera abin da ke ciki. Malaminta irin wannan kwamfuta gare shi, kuma ya taɓa karɓar faifan ya leƙa wasu wurare. Tarkacen da na'urarsa ta bari, wanda da ta gan shi da ta share, shi ne ya hana find ɗaukar waɗannan foldodi a matsayin fanko.

A nan ɗalibin Hausa zai ga abin da harshensa ya rarrabe wanda na'ura ta haɗe. Fanko mazubi ne da abin cikinsa ya ƙare, kamar fankon ashana. Wofi ya haɗa rashin abin ciki da rashin amfani, shi ya sa ake zagi da shi. Kango gida ne da mutanensa suka tashi, kufai kuma gari ne da aka watse aka bari. Kowace kalma tana ɗauke da labarin yadda wurin ya zama babu komai. Na'ura ma'ana ɗaya ta sani: foldar da babu wani suna a cikinta ban da alamomi biyu da kowace folda ke da su, ɗigo ɗaya mai nuna ita kanta da ɗigo biyu mai nuna uwarta. A cikin faifan ɗalibar akwai fanko na gaske, waɗanda aka kwashe abin cikinsu. Akwai wofi, waɗanda aka yi bisa kuskure. Akwai kuma wasu irin rumbun da aka gina kafin kaka, wanda babu hatsi a cikinsa amma babu mai hankalin da zai rushe shi. Kariyar da ke cikin rmdir da sharaɗin fanko ta abin da ke cikin folda ce. Sunan da ke jikinta ba ya cikin lissafi, ita kuwa a jikin foldodin ta rubuta iliminta.

Aka wayi gari saura 6, kuma duk na ƙauyen nan ne na kudancin Magarya da ya ɓace baki ɗaya. Wata tsohuwar ungozoma ce ta lissafa mata su a dare ɗaya, bara da kaka, suna zaune a tsakar gida. Ɗalibar ta tuna daren sarai, ta tuna fitilar da ƙamshin ɗanyar gyaɗa, amma sunayen sun ƙi dawowa. Malamin ya ce tana iya rubuta cewa akwai wasu 6 da bayaninsu ya salwanta, masu jarrabawa ba za su riƙe ta a kan wannan ba. Ta yi godiya, amma ta roƙi kwana huɗu.

Ta hau mota zuwa Magarya, daga can ta hau babur. Ta tarar da ungozomar da rai, sai dai jiki ya yi nauyi, ido ya ragu. Bayan gaisuwa mai tsawo ta ce, "Inna, matan nan da kika faɗa mani bara, masu tatsuniya, na ɓatar da sunayensu. Ki yi haƙuri ki sake faɗa mani."

"Ƴata, ba a cikin akwatin nan naki kika zuba su ba?"

"A ciki na zuba, Inna. Ni na share da hannuna ban sani ba."

Tsohuwar ta yi dariya har da tari. Ta fara lissafi da yatsu, ta kawo huɗu ta tsaya. Ɗaya daga cikin huɗun, in ji ta, Allah ya yi mata rasuwa da sanyin da ya wuce, kuma ita ce ta fi su duka sanin tatsuniyoyin Gizo. Sauran biyun ta yi ta juya su a ranta ba su zo ba. Ta ce wataƙila baƙi ne da suka zo biki a lokacin, wataƙila kuma na wani ƙauye ne ta haɗa. Aka tambayi kishiyarta da maƙwabta, kowa ya kawo sunan da yake zato, babu wanda ya yi daidai da abin da ɗalibar ke jin ta taɓa rubutawa.

Ta kwana biyu a ƙauyen ta ɗauki ukun da suka rage. Rasuwar ta huɗun ba umarnin shafewa ne ya jawo ta ba, kuma ko da foldar tana nan ba za ta same ta ba. Amma a hanyar dawowa abin da ya tsaya mata a rai shi ne, shekara guda sunan matar yana zaune a faifanta, tana wuce shi kullum, kuma sai da sunan ya ɓace sannan ta tashi ta je.

Da ta dawo Damagaram, ita da yayanta suka sake gyaran faifan, a wannan karo bisa ƙa'idoji uku da ta rubuta a bangon littafinta. Ta farko, kafin a shafe komai a adana sunayen foldodi duka a fayil, ta hanyar juya amsar find daga allo zuwa rubutu:

find . -type d > jerin-foldodi.txt

Ta biyu, a faɗa wa na'ura ainihin abin da ake nufi. Ita foldodin hoto take son cirewa, kuma da ta ambaci sunansu da babu abin da zai hau sama ya ci uwayensu:

find . -type d -name hoto -empty -delete

Ta uku ba ta bukatar tagar umarni. Duk foldar da ta yi wa wadda ba ta riga ta gani ba, tana saka ɗan fayil a ciki mai layi huɗu: sunan matar, ƙauyenta, wanda ya ambace ta, da ranar da aka ambace ta. Ta koma rubuta sunaye a littafi kuma, ko da aiki biyu ne.

Rataye ya shiga kundi da suna 18, ɗaya da addu'ar rahama a gabansa, tun da uku sun tashi daga jerin waɗanda ba a kai gare su ba sun koma cikin waɗanda aka ɗauka. A faifan da ta miƙa, a cikin foldar ƙauyen nan na kudancin Magarya, akwai foldodi biyu da ta sa wa suna "ta biyar" da "ta shida". A cikin kowace akwai fayil ɗaya da ke cewa ungozomar ƙauyen ta ambaci wata mai tatsuniya a daren kaka, sunan ya ɓace a hannun mai bincike, kuma duk wanda ya je can ya sake tambaya.